Jimlolin Kawu

Litinin, 6 ga wata

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya gwiwar taka? Na ga kana ɗingishi da za ka shiga mota ranar Asabar, amma ban samu bakin tambaya ba. Mu nan lafiya lau, Babansu yana gaishe ka.

Sau uku na kira ka a waya tun da ka tafi. Duk ukun ka ɗauka, ka amsa gaisuwata, ka tambayi yara, ka ce sai an jima. Wallahi Yaya, da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi. Shi ya sa na ɗauko takarda, tunda kai ka koya mini rubuta wasiƙa, kuma na san ba ka ajiye takarda ba ka karanta ba.

Ka yi tafiyar awa huɗu da ciwon ƙafa don ka taya babbar 'yarka Lauya murna. Ta ci jarrabawa, ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya da ke kusa da gidanka, kuma tun kafin a roƙe ka ka ce ɗakin baƙi ya zama nata. Ita kuwa ta gaishe ka a tsaye kamar ba ta taɓa ganinka ba, ta shige ɗaki. Na ce maka kanta ke ciwo. Sai ka yi dariya, ka ce a nuna maka ajin da ya yaye yarinya mai cin Turanci haka ba ta taka makaranta ba shekara tara. Na kai ka tsohon siton da muka mayar ɗakin karatu, ka zauna a kujerar roba ta kusa da taga, ni kuma na nufi kicin.

Da na dawo da faranti, Auta tana tsaye a gabanka, hannu a baya, tana jiran yabo. Littafin nahawunta mai shuɗin bango yana kan cinyarka. Tabarau a ƙarshen hanci, kana bin shafi ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba. Daga bakin ƙofa na gane inda ka kai. Kawu yana ƙarya. Kawu ya yi ƙarya jiya. Kawu zai yi ƙarya gobe. Da Turanci tsaf, babu kuskure, ga jan birona a ƙasa, goma bisa goma.

Ka tambaye ta wa ke tsara jimlolin. Ta ce ai Mama ce, kullum Mama ce, kuma na Yaya Lauya sun fi nata yawa, littafi tara ne. Ka rufe littafin, ka shafa kanta, ka ce rubutunta ya yi kyau. Sannan ka ce gara ka kama hanya kafin ta cunkushe. Farantin yana hannuna har ƙarar motarka ta ɓace.

Yaya, wasa ne kawai. Kai ma malami ne, ka san yaro ya fi riƙe darasi idan akwai abin dariya a ciki. Kuma kalmar kawu ai ba kai kaɗai ke da ita ba a duniya. Don Allah ka yi haƙuri, kada ka ɗauke shi da zafi.

Abin da nake roƙo shi ne kada wannan ya shafi maganar Lauya. Ranar ƙarshe ga wata ake rufe rajista, kuma ka san Babansu, ya rantse ba za ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ba, sai dai a gidanka. In ba gidanka, babu karatu.

A gaida Anti da kyau.

Ƙanwarka,
Maman Lauya

Laraba, 15 ga wata

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti da yara, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Anti ta ce mini ka karanta wasiƙata, ka ninke ta huɗu, ka sa a aljihu. Ka kyauta. Wasiƙar ba ta cancanci amsa ba, don ƙarya na cika ta da ita. Ba wasa ba ne, kuma yarana kawu ɗaya suke da shi.

Ka tuna ranar da na ce zan cire Lauya daga makaranta? Shekararta takwas, su tamanin a aji, tana rera haruffa kamar waƙa amma ba ta iya karanta sunanta ba. A falonka ne, ga Babansu, ga ƙannen Anti, ga Inna a kan tabarmarta. Na ce ni zan koyar da ita a gida. Ka ajiye kofin shayi, ka ce, "Ke? Ke da kika faɗi Turanci sau biyu?" Kowa ya fashe da dariya, har Babansu ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito. Wataƙila kai ka manta kafin shayin ya huce. Ni da shi na kwana, da shi na tashi.

Shekarar farko darasin suna da aikatau muka yi. Da jimlolin littafi na fara: kare yana gudu, yarinya ta sha lemo. Lauya sai hamma. Wata safiya raina a ɓace, na rubuta a allo, Kawu yana surutu, na ce ta ja layi a ƙarƙashin aikatau. Ta yi dariya har ta faɗo daga kujera, kuma daga ranar ba ta sake manta aikatau ba. Na ce wa kaina na samo dabara.

Shekara ta biyu muka shiga sifa da kwatanci. Kawu mai rowa ne. Kawu ya fi Baba rowa. Kawu ya fi kowa rowa. Kai da ka yi shekara uku da takalmi ɗaya bayan rasuwar Babanmu don kada a kore ni daga makaranta! A shekarar ne ka aiko da babban ƙamus ɗin nan, ko takarda ba ka saka a ciki ba. Kullum sai na buɗe shi, bangonsa har ya saluɓe. Na ce wa yara Babansu ne ya saya.

Ta uku da ta huɗu darasin lokutan aikatau ne, da korewa, da tambaya. Ka san tsarin: jimla ɗaya a juya ta sau goma sha biyu, a rubuta, sannan a miƙe tsaye a karanta da ƙarfi. Na sani sarai abin da maimaici ke yi wa kan yaro, ai da shi nake cusa musu darasin. Sai dai na riƙa nuna wa kaina cewa nahawun ne kaɗai ke shiga.

Yanzu ga wanda ba ka gani ba, don ba ya cikin littafin Auta. Ka yi haƙuri da rubutun.

Shekara ta biyar Inna ta kwanta a asibiti. Kwana goma sha ɗaya kai ne a kanta. Ka kira ni ka ce in zo, jikin ya tsananta. Na ce sai Lahadi, wai ba ni da inda zan bar yara. Ƙarya ne, maƙwabciyata har ta ce in kawo su. Na zaɓi Lahadi ne don na san ranar za ka bar asibitin don shirin komawa bakin aiki, ba na son mu zauna a benci ɗaya. Inna ta cika ranar Juma'a da hantsi, lokacin da ka tsallaka titi sayen magani. Minti ashirin, in ji ma'aikaciyar jinyar. Babu kowa a wurinta.

Bayan sati uku muka koma darasi. Mun zo kan irin jimlar da ake ɓoye wanda ya yi aikin, kamar a ce an fasa kofi. Ban shirya komai ba, abin da ke cin raina kawai na rubuta a allo: An bar Inna ita kaɗai. Aikin shi ne a juya jimlar a fito da mai aikin. Lauya tana da shekara goma sha uku. Ta ɗago kai ta ce, "Mama, wa ya bar ta?" Alli yana hannuna. Kalma biyu ce amsar, ni ce. Na buɗe baki na ce Kawu.

Ba ta yi dariya ba. Ta rubuta a hankali, ta kawo mini, na ba ta maki.

Daga nan ba ta sake dariyar jimlolin Kawu ba, kuma ba sai na tsara mata ba, da kanta take kawowa. A shekara ta bakwai, da muka zo jimlar sharaɗi, ita ta rubuta: Da Kawu ya tsaya, da Inna ba ta mutu ita kaɗai ba. Ginin jimlar ya yi kyau, Yaya. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce a raina ina ma malamin Turancin nan ya ga abin da wadda ta faɗi sau biyu ta koyar. Da Auta ta isa fara karatu bara, ƙyuya ta hana ni tsara sababbi, sai na ɗauko tsofaffin littattafan na ce ta kwafa.

To ga inda muke. Ba kan Lauya ke ciwo ba ranar Asabar ɗin nan. Lauya ta ce wa Babansu gara ta rasa gurbin da ta kwana a gidan mutumin da ya gudu ya bar uwarsa. Shi bai san daga ina ta samo wannan ba. Da sassafe yake fita shago, abin da ya sani game da ajinmu shi ne goma bisa goma da ake nuna masa. Yana ta faɗa wai taurin kai ne, ni kuma ina gefe ina tsintar shinkafa kamar ban san komai ba.

Ban ce ka yafe mini ba, ban kai nan ba tukuna. So nake ka san komai daga hannuna.

Ƙanwarka

Alhamis, 23 ga wata

Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kai da Anti da yara. Anti ta ce an sake duba gwiwar, Allah ya ƙara sauƙi. Ta kuma ce kwana biyu ba ka cin abincin kirki. Na san dalili. Yanzu ga maganar Lauya.

Na faɗa mata. Shekaranjiya da safe na tura Auta gidan maƙwabciya, na jera littattafan tara a kan tebur, na kira Lauya. Ta zauna a kujerar da ka zauna. Na ɗauki na farko na ce wannan fushi ne. Na biyu na ce wannan ƙarya ce, na ba ta labarin takalmin, na ce ƙamus ɗin da take matashi da shi in barci ya ɗauke ta, kai ka aiko. Ta kalli ƙamus ɗin, ta kalle ni. Ka san kai ka raɗa mata Lauya tun tana shekara uku saboda gardama, amma ranar ko sau ɗaya ba ta yi gardama ba har muka zo littafi na biyar.

Na buɗe shafin. Na ce Kawunki kwana goma sha ɗaya ya yi a kan Inna, magani ya fita saya. Ta ce, "To ke kina ina?" Na ce ina nan gidan, ina jiran Lahadi. Ta ce me ya sa Lahadi. Na faɗa mata. Kai Yaya, na sha jin kunya a rayuwata, har da ta falonka, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa.

Tambaya ɗaya ta ƙara. Ta ce lokacin da na ɗauki jan biro na ba ta maki, na san ƙarya ne? Na ce na sani. Sai ta fara kuka, ba irin na yara ba, a hankali, tana danne bakinta da bayan hannu. Ta ce shekara biyu da suka wuce, da ta yi zazzaɓin nan, ka kira wayar Babansu ka ce a ba ta, ita kuma tana jin muryarka ta kashe. Ta ce duk zuwan da ka yi tun rasuwar Inna harara take binka da ita, kai kana mata murmushi kana ce mata Lauyata. Ta ce, "Mama, ke kika sa na yi wa bawan Allahn nan rashin kunya shekara huɗu, kina kallo."

Na kai hannu zan taɓa ta, ta janye kafaɗa. Ta kwashi littattafan tara ta shige ɗakinta da su.

Da Babansu ya dawo na faɗa masa shi ma, don na gaji da ɓoyo. Ya daɗe yana juya mukullin shago a hannu. Daga baya ya ce shi yana can yana cika wa abokan ciniki baki wai matarsa ta fi makaranta, ashe abin da ake koyarwa ke nan. Ya tashi ya bar abincinsa.

Na zaci in na faɗi gaskiya shi ke nan, za ta haɗa kaya. Ina! Yanzu cewa take ba za ta iya haɗa ido da kai ba. Da ƙiyayya ce ta hana ta, yanzu kunya ce, kuma duka biyun ni na ba ta. Takardar gurbin tana kan firji, maganaɗisu ya danne ta, kowa sai ya kauce mata da ido in zai ɗauki ruwa. Sati ɗaya ya rage.

Yaya, maganata ba ta da nauyi a gidan nan yanzu, ko na ce rana ta fito sai an leƙa taga. Kai kaɗai za ka kira ta ta zo. Ba don ni ba. Yarinyar nan ta yi karatu tsakaninta da Allah, shekara tara a sito mai taga ɗaya. Kada a ce laifina ya cinye mata shi.

Ƙanwarka mai jin kunyarka

Lahadi, 3 ga sabon wata

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da babbar murya, ina gaida Anti, Allah ya saka mata da alheri bisa labulen da ta ɗinka wa ɗakin Lauya. Babansu ya dawo lafiya, ya ce an yi rajista saura kwana ɗaya a rufe, kuma da ƙafar nan taka ka tsaya a layi tare da su. Allah ya biya ka.

Takardunka biyu sun iso ranar Litinin ɗin da ta wuce. Ban san abin da ka rubuta wa Lauya ba, ban tambaya ba. Na dai ga ta fito da ido jawur, ta sauko da akwati daga saman kabad.

Tawa kuwa na karanta har na haddace. Ka ce a littafin Auta ka ga jimla ɗaya ta gaskiya: Kawu ya sa ƙanwarsa kuka a gaban mutane. Ka ce ba ka manta ba, ka ga idona da na fito daga banɗaki, girman kai ne ya hana ka ba ni haƙuri, shi ya sa ka aiko ƙamus. Ka ce Turancin Lauya ya fi na duk ɗaliban da ka yaye, kuma kai ne ka yi kuskure. Shekara tara ina jiran wannan maganar, Yaya. Har amsar da zan ba ka na tanada, ina maimaita ta in ina wanke-wanke. Ga ta ta zo, ko ɗigon daɗi ban ji ba.

Amma layin ƙarshe ne ya karya ni. Ka ce in daina cewa jimlar Inna ƙarya ce, ai ka fita kuwa, kuma shekara huɗu ke nan kai ma haka kake faɗa wa kanka. Haba Yaya! Kai da ka fita minti ashirin kana ɗauke da wannan, ni da ban zo ba sam na ƙara ɗora maka nawa. Ka sauke, don girman Allah. Ba naka ba ne. Inna da maganinka a hanya ta tafi, ni kuwa da Lahadina.

Ranar tafiya Lauya ta rungume Auta, ta yi mata alkawarin wasiƙa. Ni ta yi mini sallama a tsaye, daidai yadda ta gaishe ka ranar Asabar ɗin nan. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ta ce amin, ba ta ɗago ba. Littattafan tara ba sa ɗakinta, na duba. Ban san ko ta ƙone su ba ko suna cikin akwatin. In ta kawo maka, ka karanta, hakkinka ne.

Da suka tafi na shiga ɗakin karatu don in share. Sai na tarar Lauya ta yi rubutu a saman allo, da Turanci, da kyakkyawan rubutun nan nata, irin yadda nake ba su aiki. Layi uku. Mama ta yi ƙarya. Mama ta faɗi gaskiya. Na ukun ta rubuta, Mama za ta, sai ta ja dogon layi ta bar wurin babu komai.

Auta ta shigo ta gani, ta ɗauki alli da zumuɗi, ta ce ta iya wannan, me za ta cike? Na karɓi allin na ce ba aikinta ba ne, ni aka ba.

Ban goge ba. A rabin allon na ƙasa muke darasi yanzu. Kare ya koma gudunsa, yarinya ta koma shan lemo, Auta tana ta hamma, kuma na bar ta ta yi.

Don Allah kada ka ce wa Lauya ta rubuto mini. In za ta yi, ta yi da kanta. In ta ba ka labarina, kada ka gyara mata komai don ka rufa mini asiri. Ka dai lura, ba ta cewa tana jin yunwa, sai an tura mata faranti gaba. Kuma tana karatu a wuri mai duhu har kanta ya yi ciwo, ka sa Anti ta riƙa ɗage mata labule.

Allah ya ƙara lafiya, ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Maman Lauya